Mai shagon sola da ya shirya mana yara gasar JETS, da daɗinsa da rashin daɗinsa

Malamai 'yan uwana masu riƙe da kulob ɗin JETS, wato kulob ɗin ɗalibai na kimiyya da ƙere-ƙere, a makarantun ƙauye wannan naku ne, musamman ku na ɓangaren Kura da Garun Malam da Bunkure. Akwai wani matashi mai shagon gyaran inbata da haɗa sola a wani gari kan titin Zariya da yake karɓar ɗalibai yana shirya su gasar ƙirƙira, mu mun kai masa namu bana, tawaga biyu, ta maza da ta mata, kuma tunda aka dawo ake ta tambayata wai kuɗin ya biya ko asara mukai. Gaskiya ya biya. Amma ba kowace makaranta zai yi wa daidai ba, kuma akwai halayensa da in ba ka san su tun farko ba sai ranka ya ɓaci. Ba zan kama sunansa ko na shagon ba tunda har inda ya gaza zan faɗa, yara dai Injiniya suke ce masa nima haka zan kira shi.

Kuɗinsa N40,000 ne kowace tawaga na zango guda, banda kayan aiki, kaya ku za ku saya ko a wajensa ko ku shiga Sabon Gari da kanku. Mu PTA ce ta biya rabi, rabin kuma shugaban makaranta ya laluba ya cika, Allah ya saka masa. Lokaci kuwa sai da akai ta ja-in-ja, shi Asabar da Lahadi da safe yake so, mu kuma yaranmu duk suna Islamiyya a wannan lokacin kuma babu uban da zai yarda ɗansa ya bar hadda saboda haɗa wayar wuta, daga ƙarshe muka tsaya a kan Alhamis da yamma da Juma'a bayan an sakko daga masallaci. Duk wanda zai kai yara ya fara warware wannan kafin ya biya ko sisi.

Zaman farko bai bari sun taɓa komai ba, ko sukundireba. Mazan sun je da burinsu, ɗaya jirgi mara matuƙi, ɗaya mota mai rimot, wani ma cewa yai jirgi mai saukar ungulu irin na ɗalibin nan na jami'ar Bayero da ya haɗa nasa da tarkacen mota a 2007. Injiniya ya saurare su tsaf sannan ya ce toh madalla, a cikinku waye babansa yake buƙatar jirgi a gona? Shiru. Ya ce waye babansa ya taɓa zubar da tumatir don ya rasa mai saye, nan kuwa hannu ya tashi kusan duka. Sai ya ce su tafi kasuwar Kwanar Gafan da biro da littafi su tambayi manoma da dillalai, kwando nawa yake lalacewa, a wane wata, me ake yi da wanda bai shiga ba, kar su dawo masa sai da shafi biyu cike. Yaran sun ji haushi sosai, ɗaya har ce min yai Malam mu fa kimiyya muka zo koya ba dillanci ba. Ni kuwa a ranar na san ba mu yi asarar kuɗinmu ba.

Domin duk wanda ya tashi a yankin nan ya san yadda abin yake. Tunda aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka ja ruwa ta magudanai zuwa Kadawa da Kura noman rani ya zama shi ne rayuwar mutane, kuma in tumatir ya faɗo gaba ɗaya yake faɗowa, kowa ya kwaso a mako ɗaya farashi ya karye, wanda bai samu mota ba sai ya yanka ya shanya a ƙasa ko a bakin titi yai kauɗa, ƙura ta hau, awaki su bi ta kai, a zo miya ana tauna yashi. Daga nan tawagar maza ta samu aikinta: akwatin busar da tumatir da zafin rana. Matan kuma suka ɗauki ɗaya gefen, yadda za a adana ɗanyen ya ƙara kwana ba firji ba NEPA.

Bari in ɗan tsaya a kan akwatin mazan don a nan na ga salon koyarwarsa sosai. Tsarin ba wani abu ne mai wuya ba, kwano aka shafa wa baƙin fenti aka kwantar a karkace aka rufe da gilashi, iska ta shiga ta ƙasa ta ɗau zafi ta hau ta ratsa tirorin raga da aka jera yankakken tumatir ta fita ta bututu a sama. Rana ba ta dukan tumatir ɗin kai tsaye shi ya sa jansa ba ya koɗewa. Kafinta ya yanka katako amma yaran ne suka auna suka zana suka buga ƙusa, kuma in ka ga akwatin ka san yara ne sukai shi, ƙofar ma sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa. Na ce Injiniya ko za ka ɗan gyara musu ita, ya ce Malam ka bar ta, in alƙali ya ga ƙofa ta miƙe sumul ni zai bai wa maki ba su ba.

Sai ɓangaren wuta. Sun sa ƙaramar fanka irin ta cikin kwamfuta da allon Arduino Uno, wani ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni da kwamfuta, yake kunnawa in zafin ciki yai yawa, saboda in zafi ya wuce kima bayan tumatir ɗin ne yake bushewa ya ƙame cikin yana nan da ruwansa, ka zuba a buhu bayan sati biyu ka tarar da fumfuna. Yaran da kansu suka zaɓi sensar zafi mafi araha, DHT11, yana kallonsu bai ce uffan ba. Suka haɗa, da safe tana aiki lafiya lau, rana na take sai lambar ta daina ma'ana. Suka zo masa a fusace wai an sayar musu da jabu, sai ya buɗe musu takardar bayanin sensar a wayarsa ya ce ku karanta min layin nan, ashe iyakarta digiri 50 ne a ma'aunin salshiyas, cikin akwatin kuwa da tsakar rana a watan Maris wucewa yake. Araha ba ta ado. Suka koma DHT22 wadda take kaiwa 80. Wani zai ce ai ɓarnar kuɗi ce, me ya hana shi faɗa musu tun farko, nima na faɗi haka a lokacin, amma yau duk cikinsu babu wanda zai sayi wani abu bai nemi takardar bayaninsa ba, wannan kuwa na shekara ina faɗa a aji bai shiga ba.

Haka yai musu da faifan sola. An rubuta bolt 12 a jiki, suna shirin jona shi kai tsaye, ya miƙa musu mitar auna wuta ya ce ku fita rana ku auna tukuna, suka ga ya haura 20 in ba a ɗora masa komai ba, alhali allon tsakanin 7 zuwa 12 ake so a ba shi. Daga nan suka gane amfanin batir da kwantirola mai daidaita cajin sola. Wanda bai tare ba shi ne ranar da wani mai gaggawa a cikinsu ya jona fanka kai tsaye a ƙafar allon ba tiranzista ba rile da za su ɗauke mata nauyin wutar, ƙafar da miliyamfa 20 aka ce a ja daga gare ta, shikenan ta mutu. Wannan kam sai da muka biya, bai rage mana ko naira ba, ya ce a rubuta a littafi.

Littafin nan shi ne kan maganar gaba ɗaya. Kowace tawaga tana da littafi mai tauri guda, da biro ake rubutu ba fensir ba, ba a yage shafi, ba a gogewa, in an yi kuskure a ja layi ɗaya a rubuta daidai a gefe. Kwanan wata, ƙarfe nawa, me aka gwada, me aka gani, wa ya auna. In ka zo ba littafi sai ka koma gida ko daga ina kake. Kuma bai yarda da gwaji ba abin kwatantawa ba, duk tumatir ɗin da za a sa a akwati sai an raba shi biyu daga kwando ɗaya, yanka iri ɗaya, rabi a akwati rabi a tabarma a rana yadda aka saba, a ɗora kowanne a sikeli safe da yamma. A nan yaran suka ga da idonsu cewa tumatir kusan duk ruwa ne, wajen kashi 94 cikin ɗari, kilo 10 in ya bushe ƙarau ko kilo ɗaya ba ya cikawa. Ɗaya daga cikinsu ya zauna yai lissafin da kansa ya ce Malam ashe motocin da suke tafiya Legas ruwa suke ɗauka.

Tawagar mata kuwa aikinsu a ido ba komai ba ne, har wasu malamai suka yi musu dariya, wai randa za ku kai gasa. Tukunya cikin tukunya ce, ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, ruwan yana tsattsafowa ta jikin ta wajen yana bushewa yana tafiya da zafi, cikin ya yi sanyi. Injiniya bai bari sun yi da'awar su suka ƙirƙiro ba. Ya zaunar da su ya ba su labarin Malam Mohammed Bah Abba wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya yaɗa wannan dabara a ƙauyukan Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, ya ce sunansa za ku fara rubutawa a kan kwalinku, ku naku aikin shi ne ku gano yaushe take aiki yaushe take ƙi. Suka sayo tukwane a wajen wata tsohuwa mai ginin tukwane, suka binne sensa mai jure ruwa a ciki, DS18B20, suka gwada yashin kogi da na tudu, inuwar bishiya mai iska da cikin ɗaki a rufe, zuba ruwa sau ɗaya da sau biyu a yini. Abin da ya fi burge ni shi ne shafin da suka rubuta cewa ranar da hadari ya haɗo iska tai danshi sanyin ya ragu sosai, wato da damina kar kowa ya dogara da ita. Wata a cikinsu ta so a ɓoye wannan shafin wai zai rage musu maki, ya ce ƙanwata wannan shafin ne makinku.

Na san akwai masu sayar da aikin gasa haɗaɗɗe a cikin birni, ka biya a ba ka gida mai fitilu yana ƙyalli ko titi mai danja, har da takardar da yaro zai haddace. Mu ma an kawo mana tallansu kuma kuɗin bai kai na Injiniya ba. A wajen gasar mun ga irinsu, kyau kam ba magana, amma alƙali ɗaya yana da wata ɗabi'a, sai ya zare waya ɗaya ya ce mayar min, ko ya nuna wani ɗan abu ya ce in na cire wannan me zai faru. Yara su tsaya suna kallon malaminsu. Tausayi suka ba ni wallahi don ba laifinsu ba ne.

Toh yanzu inda ya gaza, kuma ba kaɗan ba ne.

Na farko lokaci. Shagon shi ne abincinsa, koyarwa ƙari ce, saboda haka in wani Alhaji ya kira inbatarsa tana ƙara sai ya hau babur ya ce minti goma, ku kuma ku zauna har la'asar sakaliya. Sau da dama yara sun biya kuɗin mota daga ƙauye sun koma ba a yi komai ba, kuma bai taɓa rama zaman da ya ɓata ba sai da na yi masa magana da kakkausar murya. Yaron shagonsa da yake bari kuwa batir kawai ya iya canzawa.

Na biyu wurin sam bai dace da 'yammata ba. Shago ne ƙarami a bakin titi, gefe majalisar samari gefe mai cajin waya, zuwan farko da na ga yanayin na ce ba za a sake ba, don in labari ya kai wa iyaye kulob ɗin ma rufe shi za a yi. Muka mayar da zaman mata makaranta tare da wata malama tana zaune, shi kuma ya ce sai an ƙara masa kuɗin mai, wanda babu shi a maganarmu ta farko. Ban ce bai da gaskiya ba, fetur ba kyauta ba ne, amma mutumin da yake tallan yana shirya ɗalibai ya kamata a ce ya yi tunanin rabin ɗaliban mata ne. Kuma shagon kansa sai a hankali, wayoyin wuta tsirara, batura a ƙasa, hayaƙin dalma ba taga, ko abin kashe gobara babu.

Na uku kaya da rasit. Allunan da ya sayar mana ba na kamfanin asali ba ne, kwafi ne irin na Chaina, kuma ba laifi ba ne don tsarin Arduino a buɗe yake kowa zai iya ƙerawa kuma suna aiki, amma bai faɗa ba sai da laftof ɗin makaranta ta ƙi ganin allon, muka wuni muna fama, sannan ya ce au ai sai an sa mata direban CH340, wata 'yar manhaja da ake saukewa daga intanet. A ƙauyen da sai ka hau tudu kake samun sabis wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rasit kuwa sai ka bi shi kamar kana bin bashi, daga ƙarshe a bayan kwalin fitila ya rubuta min wani, ni kuma ma'ajin PTA takarda mai hatimi yake so. Ku sayo littafin rasit ku tafi masa da shi, na gaya muku.

Na huɗu, kuma wannan ne ya fi yi mana illa, ba ruwansa da turanci. Duk bayaninsa da Hausa yake yi shi ya sa yara suke ganewa har zuci, amma a gaban alƙalai da turanci ake magana, kuma shi ko sau ɗaya bai sa su tsaya sun gwada gabatarwa ba, a ganinsa in abu yana aiki zai yi magana da kansa. Takardar ƙa'idojin gasar ma bai karanta ba, minti nawa ake bayarwa, me ake rubutawa a kwali, duk wannan ni da malamin turanci muka ɗauka a makon ƙarshe. Sannan bakinsa da kaifi, "kai kanka na aiki kuwa" ba komai ba ne a wajensa, yaro ɗaya mai kunya sai da na je har gida na lallashe shi ya dawo.

A zagayen shiyya matan suka zo na biyu, mazan ba su shiga ukun farko ba. Akwatinsu yai aiki, fanka ta tashi a gaban kowa, amma wanda aka sa gabatarwa ya daburce ya riƙa karanto kwali kalma-kalma har lokaci ya ƙare bai kai ga jadawalin sikeli ba, wanda shi ne ainihin abin da suke da shi. Da alƙali ya tambaye su me ya sa suka canza sensa sai ga amsa tana fita daga bakin mutum uku lokaci guda rabi Hausa rabi turanci, har ya yi murmushi, amma makin gabatarwa ya riga ya tafi. Matan kuwa wata alƙaliya ta ɗau littafinsu ta zauna tana buɗawa shafi-shafi, ta tsaya a na ranar hadarin nan ta yi musu tambaya a kai, shugabar tawagar ta amsa a nutse da ɗan turancinta. Injiniya bai zo ba, wai yana da aikin sa sola a wani masallaci, da na kira shi na faɗa masa sakamako abin da ya fara tambaya shi ne ko fankar ta tashi.

In makarantarku kofi kawai take so a ajiye a ofishin shugaba kafin zuwan masu duba makarantu, kar ku je wajensa, zai ɓata muku lokaci kuma aikin da za ku fito da shi ba zai yi kyau a hoto ba. In kuma akwai malamin da zai iya bin yaran kowane zama, ya riƙe ɓangaren turanci da takardu da kansa, ya kuma jure jira, toh ku je, amma ku fara tun zangon farko, kar ku bari sai takardar gayyata ta iso. Duk aikin da ya shafi bushewa ko sanyaya abu da rani ake gwada shi, in damina ta faɗi lambobinku za su rikice.

Abu ɗaya da har yanzu ba mu daidaita da shi ba shi ne mita da ƙarfen dalma. Mu a fahimtarmu suna cikin kayan da muka saya, shi kuma ya ce aro ya ba yara, kuma tunda ba a rubuce yake ba babu mai hujja. Shugaban makaranta ya ce a bar masa kar a yi rigima da mutumin da za mu sake nema baɗi, ni kuma na ce toh amma wannan karon sai an zauna an rubuta komai, kuɗin mai, ramuwar zaman da ya ɓata, da jerin kaya ɗaya bayan ɗaya da wanda ya mallake su, ya sa hannu mu sa hannu. Ya ce ya yarda, sai dai kuɗinsa zai ƙaru zuwa N50,000, muna nan muna ciniki.